Haƙori Nawa Malejin Tsohuwar Mota Yake Buƙata?

A ɗauki Chevrolet Camaro ƙirar 1969 mai giyabos ɗin Muncie, irin motar da masu sha'awar tsoffin motoci a Amurka ke kashe wa kuɗi kamar ana haɗa lefe. Mai ita ya ga ba ta da zafin tashi yadda yake so, sai ya sa aka buɗe aksil ɗin baya, aka cire haƙoran 3.08 aka saka na 3.73, wato furofela za ta riƙa juyawa sau 3.73 a kowane juyin taya ɗaya maimakon 3.08. Mota ta yi kuzari, babu musu. Amma tun daga ranar, in yana tafiyar mil 60 a awa allurar maleji 71 take nuna masa, kuma duk mil 100 da ya ci, lambobin da ke ƙasan allurar 119 suke rubutawa. Agogon malejin lafiyarsa lau, kebul ɗin ma haka. Matsalar tana jikin wata 'yar giya ta roba da ba ta wuce kaurin babban yatsa ba, wadda ke maƙale a wutsiyar giyabos, tana ci gaba da lissafi da tsohon aksil.

Malejin tsohuwar mota bai san gudu ba, juyi kawai yake ƙirgawa. A kan shaf ɗin da ke fita daga giyabos zuwa furofela akwai giya mai karkatattun haƙora, mu kira ta giyar ciki. Ita ke juya ƙaramar da ke shigowa ta gefe, mu kira wannan giyar kebul. Daga nan wata siririyar waya mai baki kusurwa huɗu take ɗaukar juyin a cikin bututunta har bayan dashbod. A cikin agogon, juyin yana rabuwa gida biyu. Hanya ta farko, wayar tana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyom. Ba sa taɓa juna, amma juyin maganaɗisun yana jan kofin, wani sifirin mai siririn gashi kuma yana riƙe shi, inda ƙarfin biyun ya daidaita nan allura ke tsayawa. Tun 1902 Otto Schulze ya yi rajistar wannan dabara, kuma da ita aka yi ta aiki har zuwan na lantarki. Hanya ta biyu kuwa haƙora ne zalla, su ke tura lambobin nisa. Wannan rabuwa ita ce mabuɗin aikin gaba ɗaya, za mu dawo kanta.

Kowane agogo an gina shi ne a kan wani adadi na juyi. Yawancin motocin Amurka na wancan zamani, na GM (General Motors, mai ƙera Chevrolet) da Ford da Chrysler, suna son kebul ya juya sau 1,000 a kowane mil, wato juyi 1,000 a minti ɗaya shi ne mil 60 a awa. A kilomita, juyi 621 ke nan. Motocin Japan 637 suke bi a kilomita. Na Ingila masu agogon Smiths ko Jaeger babu adadi ɗaya, kowane agogo da nasa, kuma a rubuce yake da ƙananan lambobi a fuskarsa, ƙasa-ƙasa. Agogon VDO na Jamus kan zo da harafin W a baya, W 0.8 na nufin juyi 800 a kilomita. Zaɓen giya ba komai ba ne illa neman adadin haƙoran da zai sa kebul ya kai wa agogo juyin da aka gina shi a kai.

Giyar da direba yake ciki ba ta shiga wannan lissafi. Da ta ɗaya da ta huɗu da ta biyar duk ɗaya ne, domin giyar ciki tana bayansu duka, juyin furofela take gani. Abu uku ne kaɗai ke taɓa lissafin: haƙoran aksil, girman tayar baya, da haƙoran giyoyin nan biyu.

Lissafin kansa

Ka ninka haƙoran giyar ciki da adadin aksil, ka sake ninkawa da yawan juyin taya a mil ɗaya, sannan ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne haƙoran giyar kebul. Lissafi ne na ɗan firamare. Inda mutane ke faɗuwa shi ne lambobi ukun da suke zubawa a ciki, domin galibi ɗaya daga cikinsu zato ne.

Fara da aksil. Motar da ta haura shekara hamsin ta bi ta hannaye da yawa, don haka ɗan ƙarfen da ke maƙale a murfin aksil ko lambar da aka buga a jikin bututunsa labarin ranar da ta bar masana'anta kawai suke bayarwa. Ƙirga da kanka. Sa wa tayoyin gaba waigi, ɗaga baya ka ɗora a kan matokarai masu ƙarfi, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sa giya a furi, ka yi alama da alli a furofela da kuma taya. In ka juya taya ɗaya ɗayar ta bi ta gefe guda, aksil ɗin mai kulle kansa ne, sai ka juya taya sau 10, ka ƙirga juyin furofela, ka raba da 10. In kuwa ɗayar ta juya baya, aksil ɗin gama-gari ne. Sauke taya ɗaya ƙasa ta tsaya cik, ka juya ɗayar sau 20, ka raba juyin furofela da 10. Dalilin ninkin shi ne, in taya ɗaya ta tsaya, ɗayar tana cinye juyin su biyun. Furofela ta juya 37 da ɗan ɗoriya, 3.73 ke nan. Ta juya kusan 31, 3.08 ne. Wasu na yi da juyi biyu kacal, kuma hakan kan isa a raba 3.08 da 3.73, amma ba ya isa a raba 3.42 da 3.55 ba tare da kokwanto ba. In murfin a buɗe yake, ƙirga haƙoran babbar giya ka raba da na ƙaramar: 41 da 11 shi ne 3.73, 37 da 12 shi ne 3.08, 39 da 11 shi ne 3.55.

Taya ta fi wuya, kuma nan ne haƙori guda yake ɓata wa mutane. A takarda abin a fili yake. Taya 235/60R15, faɗinta milimita 235, tsayin gefenta kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato 141. Gefe biyu 282, a inci 11.1, a haɗa da rim 15, tsayinta inci 26.1. Mil ɗaya inci 63,360 ne, saboda haka ana raba 20,168 da tsayin tayar, a samu juyi 773 a mil. Sai dai wannan tayar da ke jingine a shago ce. Wadda ke ɗauke da mota tana lotsawa a ƙasa, kuma zagayen da take ci a titi ya gaza na takarda da kusan kashi 3 cikin ɗari. Ainihin juyinta wajen 797 ne. Kamfanonin taya na buga wannan adadi a jadawalinsu, shi ya kamata a nema. Wanda ya fi shi ma shi ne awo. Hura tayoyi zuwa iskar da ake tafiya da ita, direba ya zauna a ciki, a yi alama a taya da ƙasa, a tura motar a shimfiɗaɗɗen siminti har taya ta yi juyi biyar, a auna, a raba da biyar. Tayar da muke magana za ta ba da kusan inci 79.5, wato milimita 2,019.

Dubi abin da wannan kashi 3 ke yi wa Camaro ɗinmu. Giyar cikin Muncie haƙora 8 ce. Da lambar takarda, 8 sau 3.73 sau 773 a raba da 1,000 ya ba da 23.1, mutum ya sayi mai 23. Da lambar titi, 8 sau 3.73 sau 797 ya ba da 23.8, mai 24 ke nan. Mai 23 za ta juya kebul sau 1,034 a mil, mai 24 kuma 991. Ta farko ta zarce da fiye da kashi 3, ta biyu ta gaza da ƙasa da kashi 1, abin da kaurin allurar kansa ya rufe.

Mai aiki da kilomita bai rasa komai ba. Raba 1,000,000 da zagayen taya a milimita, a nan 495 ne a kilomita, ka ninka kamar yadda aka yi, ka raba da adadin agogonka na kilomita. Da 621, amsar 23.8 ce dai.

Saura haƙoran giyar ciki, waɗanda ba a gani sosai. Ana iya haska tocila ta ramin da giyar kebul ta fito, a ɗiga fenti a haƙori ɗaya, a juya furofela ana ƙirgawa, amma da yake haƙoran a karkace suke kamar zaren noti, ido na ruɗewa. Ga hanya mafi sauƙi. Zaro giyar kebul ka ƙirga haƙoranta, a ce 20. Mayar da ita, ka soka ɗan guntun tsohon kebul a raminta da tutar salatif a baki. Juya furofela sau 20 daidai. Yawan juyin da tutar ta yi shi ne haƙoran giyar ciki. Ta yi 8, takwas ne. Ta yi 7, bakwai ne.

Batun launi kuwa, taimako ne, ba hujja ba. A ƙananan giyoyin GM, mai 18 ruwan ƙasa ce, 19 fara-fara, 20 shuɗiya, 21 ja, 23 baƙa, 24 rawaya, 25 ruwan lemo. Amma robar da ta yi shekara arba'in tana wanka a baƙin mai duk ta koma launi ɗaya, kuma masu ƙera na kasuwa ba kullum suke bin launin kamfani ba. Goge ta da tsumma, sa farce a haƙori ɗaya, ka ƙirga sau biyu.

Kafin a sayi komai

Akwai hanya ta biyu da ba ta buƙatar sanin aksil ko taya ko giyar ciki, kuma a ganina ita ce ta fi aminci, muddin malejin yana aiki. Ana gwada abin da agogo ya faɗa da gaskiyar titi, sai a ninka haƙoran giyar da ke ciki yanzu da abin da agogo ya nuna, a raba da na gaskiya. Giya mai 20, agogo ya ce 119, titi ya ce 100, amsa 23.8. Ƙarin haƙori yana rage gudun allura, ragin haƙori yana ƙara shi. Mutane da yawa na juya wannan, su sayi akasin abin da suke buƙata.

Sai dai da lambobin nisa ake wannan gwaji, ba da allura ba. Nan ne rabuwar da muka ambata take aiki. Lambobi haƙora ke tura su, ba sa gajiya, ba sa tsufa ta fuskar lissafi. Allura kuwa ta dogara da maganaɗisu da sifirin, kuma dukansu shekaru na cin su. Maganaɗisun da ya yi sanyi yana sa allura ta gaza, sifirin da ya saki yana sa ta zarce. Don haka a samu miƙaƙƙen titi, a buɗe manhajar GPS a waya, a yi tafiyar mil 10 ko kilomita 20, a rubuta lambobin farko da na ƙarshe har da ɗigon goma. A cikin tafiyar kuma wani na gefe ya rubuta abin da allura ta nuna a gudu uku, misali 30 da 45 da 60, kowanne a riƙe shi na ɗan lokaci, domin GPS na jinkiri kaɗan in gudu na canzawa.

Sakamakon yana faɗin inda ciwon yake. In lambobi sun zarce da kashi 10, allura ma ta zarce da kashi 10 a ko'ina, 33 a 30 da 66 a 60, aikin giya ne. In lambobi daidai suke amma allura na ƙarya, giyar ba ta da laifi, agogon ne ke buƙatar mai gyara ya sake cajin maganaɗisunsa ko ya daidaita sifirin. In allura ta ƙara 5 a 30, ta ƙara 5 a 60, an zaunar da ita ne a karkace a kan ƙusarta, watakila lokacin da wani ya buɗe don goge fuska. Wanda ya canza giya don ya gyara irin waɗannan biyun zai ɓata lambobin da ba su da laifi. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

In motar ba ta hau titi ba tukuna, ana iya yin gwajin a harabar gareji. Kashi ɗaya cikin ɗari na mil mita 16.09 ne. Auna shi a ƙasa, ka kwance kebul daga bayan agogo, ka manna tutar salatif a bakin wayar, a tura mota ana ƙirga juyin tutar. Agogon 1,000 juyi 10 yake so. Camaro ɗinmu da giya mai 20 za ta ba da kusan 12. A fara turawa tun kafin layin farko domin lagon haƙora ya ɗauke, kada kuma a bar motar ta koma baya ko da taku ɗaya. Kuskuren rubu'in juyi a nan kashi 2.5 ne, rabin haƙori ke nan, don haka gara a ninka nisan zuwa mita 32.2 a yi sau uku. Wannan hanya ba ta damu da ƙasar da aka ƙera mota ba, ko Peugeot 504 ce ko Mercedes. In ba a ga adadin agogon a rubuce ba, shi ma ana ƙirga shi: a juya bakinsa da guntun kebul har lambar ɗigon goma ta matsa gida ɗaya cif, a ninka juyin da 10.

Amsar lissafi ba ta cika faɗowa a kan cikakkiyar lamba ba. A ƙananan giyoyi masu haƙora wajen 20, kowane haƙori kusan kashi 5 ne, a manya masu wajen 40 kuma kashi 2.5. Ɗauki mafi kusa. In ta faɗo tsakiya, kamar 23.5, ɗauki mai ƙarancin haƙora, allura ta ɗan zarce. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 39 da Turai ke bi ma haka ta tsara wa sababbin motoci: kada maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya, kada kuma ya zarce da fiye da kashi 10 da ƙarin kilomita 4 a awa. Malejin da ke rage maka gudu shi ke haɗa ka da jami'an hanya.

Haƙori ya yi daidai, amma zai shiga?

Nan ne aikin ya daina zama lissafi. Nisan da ke tsakanin tsakiyar shaf da tsakiyar giyar kebul a kafe yake a jikin ƙarfe, alhali giya mai haƙora da yawa ta fi kauri. Kowane kamfani da yadda ya warware wannan, kuma rashin sanin hanyar kamfaninka shi ke cinye sabuwar giya cikin mako guda.

A Muncie, wanda GM ta yi daga 1963 zuwa 1974, giyar ciki mai haƙora 8 iri biyu ce. Akwai mai kaurin inci 1.84 da ke tafiya da giyoyin kebul 18 zuwa 22, akwai mai 1.76 da ke tafiya da 22 zuwa 25. Haƙoransu ɗaya, kaurinsu daban, kuma mai 22 ma iri biyu ce, kowacce da abokiyar zamanta. Camaro ɗinmu ta fito da 3.08, lissafinta 19.6, mai 20 ke nan, saboda haka mai kaurin ce a cikinta. In aka cusa mata rawaya mai 24 za ta shiga da ƙyar, ta yi 'yan kwanaki tana aiki, sannan tsakiyarta ya cinye ya koma kamar turmi, allura ta faɗi. In aka yi akasin haka, siririyar giyar ciki da ƙaramar giyar kebul, haƙoran bakinsu kawai ke taɓa juna ko ma ba sa haɗuwa, allura ta yi ta tsalle ko ta ƙi motsi. Mai wannan mota zaɓi uku gare shi. Ya sauke giyabos, a cire wutsiya, a canza giyar ciki zuwa 1.76, wadda a wasu ta ƙarfe ce da ake matsawa da ƙarfi, a wasu ta roba mai kilif. Ko ya sa mai 22 da ta dace da mai kaurin ya haƙura da zarcewar kashi 8. Ko ya bar mai 20 ya sa adafta.

Adafta ɗan ƙaramin akwatin haƙora ne da ake ɗaurawa tsakanin giyabos da kebul, yana rage juyi ko ƙara shi da wani kaso. A nan ana neman mai 0.84, wato 1,000 a raba da 1,189. A motocin GM zaren bakin giyabos inci 7/8 ne mai zare 18, na bayan agogo 5/8 mai zare 18, a tabbatar kafin a yi oda. Masu son komai ya zauna yadda kamfani ya yi suna raina adafta, amma in kulocin motar lafiya yake kuma babu wani dalilin sauke giyabos, rashin hankali ne a yi aikin yini guda saboda abin da minti goma zai magance. Abin dubawa kawai shi ne wuri, kada ya tokari salansa ko ya tilasta wa kebul lanƙwasa.

TH350, giyabos ɗin otomatik na GM da ya fito a 1969, ya fi sauƙi. A cire furofela, a kwance ƙusoshi huɗu na wutsiya, a danna kilif, giyar ciki ta fito. A irin na Chevrolet mai ƙananan giyoyi, komawa daga 8 zuwa 7 yana mayar da 23.8 zuwa 20.8, ja mai 21 ta zauna a tsakiyar iyakarta.

TH400 da 700R4, su ma otomatik na GM, manyan giyoyi suke amfani da su, 34 zuwa 45, kuma gidan da giyar ke zama iri biyu ne, ɗaya na 34 zuwa 39, ɗaya na 40 zuwa 45, a rubuce a fuskarsa. Masu saka 700R4 a tsohuwar mota don samun giya ta huɗu mai rage wa inji wahala suna yawan cin karo da wannan: giyabos ɗin ya zo da giyar ciki ja mai 17, lissafi da 3.73 ya ba da 50.5, kuma babu giya mai 50. Dole a koma mai 15, lissafi ya sauko 44.6, a sa mai 45 a gidan 40 zuwa 45. 4L60E kuwa, da ya gaje shi a 1993, na'urar lantarki ce a wutsiyarsa, sai dai a canza wutsiyar ko a sa akwatin da ke karɓar siginar ya juya kebul da ɗan injin lantarki.

Chrysler ta yi dabarar da ta fi burge ni. A giyabos ɗinta TorqueFlite 727 da 904 daga 1966, haƙora 13 a sassaƙe suke a jikin shaf, kuma gida ɗaya ne ke ɗaukar duk giyoyin, domin raminsa ba a tsakiya yake ba. An buga 26-31 da 32-38 da 39-45 a kewayensa, ana juya shi har rukunin da giyarka ke ciki ya dubi ƙasa, inda ƙarfe shida take a agogo. Wanda ya tashi daga 3.55 zuwa 3.91 ya bar mai 37 ya koma 40 ko 41, in ya manta bai juya gidan ba, sabuwar giyar ce za ta biya.

A Ford tarko biyu ne. Giyoyin kamfani daga 16 zuwa 21 suke. Akwai mai 23 ta kasuwa, amma haƙoranta sirara ne, ba ta daɗewa. A giyabos ɗin T5 ana canza giyar ciki tsakanin 6 da 7 da 8 a kauce mata, amma a otomatik C4 da AOD haƙoran a jikin shaf suke, saboda haka adafta ce mafita. Tarko na biyu shi ne karkatar haƙora. Akwai masu karkata dama, akwai masu karkata hagu, ya danganta da gefen da kebul ke shiga. Ta giyabos ɗin Toploader mai giya huɗu da ta C4 ba sa musanya, ko da adadinsu ɗaya. Ɗora sabuwa kusa da tsohuwa ka duba kafin ka soka.

Wasu motocin da suka yi zamani a titunanmu ba su ma ba da wannan zaɓi ba. A tsohuwar Land Rover, kamfanin agogo yake canzawa ba giya ba: mai taya 6.00-16 agogonta na juyi 1536 ne a mil, mai 7.50-16 kuma 1408. Wanda ya ɗora manyan tayoyi a gajeriyar Land Rover ya bar agogon 1536, malejinsa zai gaza da kusan kashi 8. Kuma giyar cikinta matsin notin filanjin baya ne kawai ke riƙe ta, don haka in allurarta ta fara lilo, a duba wannan noti kafin a zargi kebul. Volkswagen Beetle kuwa babu giyar ko ɗaya, kebul ɗin ta cikin ƙafar gaba ta hagu yake bi ya maƙale a murfin cibiyar taya, taya ta juya sau ɗaya shi ma sau ɗaya. Girman tayar gaba ne kaɗai ke taɓa shi.

Canjin giyar kebul kansa ba ya cin lokaci. A GM, kwance notin kebul, cire ƙusa ɗaya da ke riƙe da ɗan faranti, ka zaro gidan. Mai zai ɗan zubo, ɗaga bayan motar yana rage shi. Canza zoben roba na waje da ɗan sil ɗin ciki a lokaci guda. Wannan sil ɗin in ya mutu, wayar na jan man giyabos sama kamar matattakala har cikin agogo, ya jiƙa kofin alminiyom, allura ta yi nauyi ko ta haukace. Shafa wa sabuwar giya mai, ka tura a hankali kana ɗan murzawa har haƙora su faɗa gurbinsu, kada ka buga. Kafin ka ɗaura kebul, soka guntun waya ka gwada murza giyar da yatsa. In ta juya sakaka, ba ta kama ba.

Tunda kebul yana hannu, zaro wayar ka wanke, ka shimfiɗa ta a tebur ka mirgina. Mai targaɗe za ta yi ta ɗaga kai, ita ce ke sa allura rawa a ƙaramin gudu, kuma ba ta gyaruwa. Shafa mata man garafait sama-sama, ka bar kashi ɗaya cikin uku na wajen agogo a bushe. Kada lanƙwasar bututun ta matse fiye da da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta santimita 15 ne, kada ya kwanta a jikin salansa. Sabuwar wayar da ta fi tsohuwa tsawo ko da kaɗan tana tokare bakin agogo ta ci bushinsa, a gwada su gefe da gefe. Agogon da ya ƙafe a ciki kuma yana karya waya ko ya cinye giyar roba, don haka giyar da ta cinye sau biyu a jere alama ce a murza bakin agogon da hannu a ji ko yana juyawa lami lafiya.

Bayan an rufe, a maimaita tafiyar mil 10 ɗin nan. Lambobi su faɗi tsakanin 9.8 da 10.2, ya isa. Taya kanta tana motsa lissafin da kusan haka: daga sabuwa mai zanen milimita 8 zuwa wadda ta sauka 1.6, tsayinta ya ragu da kusan milimita 13, kashi 2 cikin ɗari ke nan a tayar inci 26. In an yi awon da tsofaffin tayoyi kuma ana shirin sayen sababbi, a jira a sa su tukuna.